Malam Arzika Ango da Saniyar da Bai Mayar Ba

Haihuwa da asali

An haifi Malam Arzika Ango a shekarar 1951 miladiyya, lokacin yankan gero, a Gidan Mamani, wani ƙauyen Maguzawa da ke yamma da Malumfashi cikin lardin Katsina ta Najeriya. Mahaifinsa shi ne Ango ɗan Mamani, manomin dawa da auduga, mutum mai ƙarancin magana. Mahaifiyarsa kuwa Tanoma ce, wadda ta yi suna a kasuwannin yankin da daddawar kalwa. Shi ne na huɗu cikin haihuwarta, kuma na farko da ya rayu, shi ya sa aka raɗa masa Arzika, shi ya sa kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa yarda akwai wani dalili a duniya da ya isa ya raba ta da shi ba.

Gidan Mamani ƙasa ce mai jar laka da dausayi, ga rake a fadama, ga ɗorawa bakwai jere a bayan gidansu waɗanda kakansa ya tarar a tsaye. Mutanen gidan manoma ne gaba da baya. Suna da awaki da jaki ɗaya, amma babu wanda ya taɓa riƙe igiyar saniya a zuriyarsu, kuma wannan ƙaramar magana za ta yi nauyi nan gaba.

Karatu

A shekarar 1960 wani mai bishara ya buɗe ajin koyon karatu a ƙauyen, sai Ango ya bar ɗansa ya shiga bisa sharaɗin ba zai taɓa lokacin noma ba. A nan Arzika ya koyi karatu da rubutu, a nan kuma ya karɓi addinin Kirista. An yi masa baftisma a 1967 da sunan Barnaba, amma sunan bai kama bakin kowa ba, har shi kansa sai ya duba takarda yake tunawa da shi.

Daga 1970 zuwa 1973 ya yi makarantar horar da masu bishara, inda ban da ilimin addini aka koya musu wanke miki da ɗiga maganin ido. Wani dattijo cikin malamansu ya yi musu nasiha guda biyu, waɗanda Arzika ya rubuta a shafin farko na littafinsa: kada mai bishara ya karɓi abu mai tsada daga mutanen da aka aike shi wurinsu, don kada a ce ci ne ya kawo shi, kuma duk abin da aka ara masa ya mayar tun mai shi bai tambaya ba. Nasiha ce mai kyau, babu shakka. Ya riƙe ta hannu bibbiyu, kuma ita ce ta kusa raba shi da abota mafi girma a rayuwarsa.

Aure da kira

A watan Afrilu na 1974 ya auri Rifkatu ƴar Saminu, daga wani ƙauye maƙwabcinsu, mace mai fara'a da kaifin baki, wadda ba ta iya ganin abin dariya ta bar shi ya wuce. Sun yi shekara huɗu yana hidima a ƙauyukan kusa da gida, har zuwa taron ƙarshen shekarar 1978, lokacin da ƙungiyar da ke aika masu bishara ta nemi wanda zai tsallaka iyaka ya zauna a arewacin Maradi. Arzika ya ɗaga hannu. Da labari ya kai ga Tanoma ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi masa, wato shekara nawa zai yi. Ya ce uku. Ta ɗaure masa kalwa a tsumma, ta ce ya shuka a can, kafin ta kai gwiwarsa ya dawo.

Zuwa Dakoro

Bayan ƴan makonni a Maradi wurin neman takardu, sun iso Dakoro cikin watan Janairu na 1979 a bayan wata motar gero, shi da Rifkatu da ƴarsu Na'omi mai shekara biyu. Ya zo da zaton tunda harshe ɗaya ne ba zai yi baƙunci ba, sai ya tarar da ƙasar kumandan da jandarma da lakwal, wato mai mulkin gari da ɗan sanda da makarantar boko a bakin mutanen can, inda yara ke bin sa don su ji yadda yake magana su yi dariya. Ya kama gida a gefen gari, ya shuka kalwar mahaifiyarsa a tsakar gida. Ta tsiro, ta yi ganye shida, rani na shigowa ta bushe. Haka ya riƙa yi kowace damina har ƙarshen ransa, kuma babu wadda ta taɓa kai gwiwarsa.

Wata shida ya yi yana wa'azi a bakin kasuwa. Mutane kan tsaya su saurara da ladabi, su yi masa fatan alheri, su kama gabansu. A hankali ya gane cewa mutanen wannan ƙasa ba sa ɗaukar magana mai nauyi daga bakin wanda ba su taɓa shan furar gidansa ba, sai ya naɗe wa'azin kasuwa, ya koma zuwa suna da ta'aziyya da ɗiga maganin ido.

A cikin wannan hali ne ya je wata rijiya a hanyar Birnin Lalle da igiyar da ya zo da ita daga gida, wadda ko rabin rijiyar ba ta kai ba. Makiyaya suka yi ta dariya. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariyar fiye da kowa, sannan ya tashi ya ja masa ruwa da takarkarinsa. Wannan shi ne Alhusaini ɗan Hamid, Musulmi, makiyayi, wanda ya girme shi da kamar shekara shida, kuma iyayensa sun gangaro ne daga wajen Azagor bayan farin 1973 suka zauna kusa da Birnin Lalle. Tun daga ranar, duk ranar kasuwar Dakoro sai Alhusaini ya ɗaure raƙuminsa a ƙofar gidan Arzika, a shimfiɗa tabarma, a dafa shayi. Shi yana kiran Arzika Manomi, Arzika na kiran sa Makiyayi, kowa yana ganin sana'ar ɗan'uwansa wahalar banza ce.

Karsanar farko

Makiyayan wannan yanki suna da wata al'ada da suke kira habbanaye, kalmar Fulatanci ce amma kowa ya san ta. Idan mutum ya yarda da wani har zuci, sai ya ɗaure masa karsana. Wanda aka ba zai kiwata ta, ya sha nononta, ta haifa masa sau uku, ƴaƴan duka nasa ne, sannan bayan an yaye na ukun ya mayar da uwar da hannunsa ga mai ita. Ana riƙe saniyar habbanaye da kulawar da ta fi ta dukiyar mutum ta kansa, kuma muddin tana turkensa zumuncin da ke tsakaninsu ya fi na jini.

Da kakar 1981 Alhusaini ya iso gidan Arzika yana janye da wata jar karsana mai farin goshi, ya ɗaure ta a gindin aduwa, ya ce, “Ga ta nan, Manomi, aro ne na kawo maka.” Bai yi wani bayani ba, domin a wurinsa abin da ko yaron goye ya sani ba ya bukatar bayani. Arzika kuwa kalmar aro kaɗai ya ji. Ya kwana bakwai yana juya nasihar malaminsa a zuciya, yana ciyar da karsanar da dusa da harawa har ta yi sheƙi. Da kasuwa ta kewayo, ya wanke ta, ya ja ta zuwa wurin da ake sayar da dabbobi, ya miƙa wa Alhusaini igiya a gaban jama'a, yana murna a ransa cewa yau an ga riƙon amanar Kirista.

Waɗanda suka halarci wurin sun ce Alhusaini ya daɗe yana kallon igiyar kafin ya karɓa. Ya ce, “Ta yi maka laihi ne?” Arzika ya ce a'a, lafiyarta lau, ya gode ƙwarai. Alhusaini ya ce, “To, ashe ni ne.” Ya ja karsanarsa ya tafi, kuma kasuwa ta gaba raƙumi bai tsaya a ƙofar gida ba.

Wata tsohuwa mai tallan nono, Ramla, ita ce ta fassara wa Rifkatu abin da mijinta ya aikata, cewa mayar da habbanaye tun ba ta haihu ba daidai yake da ka ce wa mutum a tsakiyar kasuwa ba ka son sa, ba ka son dukiyarsa. Sau uku Arzika yana takawa har rugar Alhusaini don ba da haƙuri. Duk zuwan an shimfiɗa masa tabarma, an kawo nono, an tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, an rako shi har hanya, wanda a wurin makiyaya wannan cikar ladabi ita ce ƙofa a rufe. Shekara ukun da ya yi wa mahaifiyarsa alkawari ta cika a cikin haka. Ya rubuta mata cewa ya ɓata wani abu, kuma ba zai iya tahowa ya bar shi a ɓace ba.

Shekarar fari

A 1984 damina ta ƙi, aka shiga yunwar da mutanen ƙasar ke kira banga-banga, kuma a cikin shekarar ne aka rufe iyakar Najeriya. Alhusaini ya kora garkensa kudu neman ciyawa, ya bar matarsa Azara da yara uku. Da abinci ya ƙare musu suka shigo Dakoro cikin masu gudun yunwa, inda Rifkatu ta gane su a layin rabon tsaba, ta kama hannun Azara ta kawo su gida ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Wata bakwai suka zauna. Arzika ya ware wa Azara wurin salla, kuma bai taɓa kiran ta ko ƴaƴanta zuwa addu'ar gidansa ba. Wasu cikin ƙungiyarsu sun zarge shi da sakin dama. Amsarsa a rubuce ita ce, duk “na yarda” da mai jin yunwa ya faɗa, ta yunwa ce ba tasa ba.

Cikin watan Fabrairu na 1985 wani ɗan kasuwa ya kawo masa labarin rasuwar Tanoma, bayan kwana goma sha tara da binne ta. An ce ta ƙirga shekara ukun nan sau biyu kafin ta daina ƙirgawa. Ya tafi har bakin iyaka aka mayar da shi, ya dawo ya zauna a ƙofar gidansa yana karɓar gaisuwa a garin da babu wanda ya taɓa ganin fuskarta. Ya sha faɗa daga baya cewa bai taɓa jin baƙunci irin na waɗannan kwanaki ba.

A makon nan ne Alhusaini ya dawo daga kudu. Cikin shanu sama da sittin da ya tafi da su, biyu suka rage, kuma ɗaya ita ce jar nan mai farin goshi, sai haƙarƙari. Ya tarar da iyalinsa a raye a gidan mutumin da ya ƙaurace wa, ya tarar da mutumin cikin makoki. Ya zauna tare da shi kwana uku a tabarma ɗaya. Rana ta huɗu da safe ya ɗaure jar saniyar a gindin aduwar nan, wato rabin duk abin da ya mallaka a duniya, ya ce, “Wagga karon in ka maido ta kahin ta haihu ukku, ni da kai sai Lahira. Can ɗin ma ban sani ba ko hanyarmu guda ce.” Arzika ya kama igiyar ya fashe da kukan da bai yi ba tun zuwan labarin.

Shekarun hidima da iyali

Yara suka sa wa saniyar suna Goshi. Arzika ya koyi kiwo da girmansa, kuma gaskiya bai taɓa iyawa sosai ba, don har ya tsufa Rifkatu ce ke tatsa, shi aikinsa riƙe maraƙi da shan harbi. Goshi ta haihu a 1986 da 1988 da 1990. A 1991 takarda ta zo daga ƙungiya cewa ya dawo gida ya koyar a makarantar da ya yi. Aka ɗaure kaya. Ya ja Goshi zuwa Birnin Lalle da kanwa da turmin zane na godiya kamar yadda ake yi, ya miƙa igiya. Alhusaini ya karɓa, ya yaba kiwon, ya sa albarka, sannan ya zagaya bayan ruga ya fito da wata karsana ya danƙa masa. Mutumin da ya riga ya san abin da ƙin karɓa ke nufi, dole ya karɓa. Ya dawo gida da sabuwar igiya a hannu, Rifkatu ta dube shi ta dubi kayan da ta ɗaure, ta ce wasu matan kishiya ake yi musu, ita kuwa saniya ce ta ƙwace mata miji. Ya rubuta wa ƙungiya cewa akwai amana a hannunsa.

Haka aka maimaita a 1997 da 2004 da 2010. Duk Dakoro ta gane dabarar Alhusaini, shi ma Arzika ya gane, kuma babu wanda ya taɓa jin ya yi ƙorafi. Yakan je gida wata guda bayan shekara biyu ko uku, ya halarci jana'izar mahaifinsa a 1993, kuma duk dawowa sai ya yi mako yana maganar ɗorawa da ƙanshin jar ƙasa bayan ruwan fari, har yara su haddace.

Allah ya albarkace su da ƴaƴa huɗu: Na'omi a 1976, Iliya a 1980, Tanoma a 1986, sai auta a 1989, wanda ya sa wa suna Alhusaini. Wasu dattawan ikkilisiya sun yi gunaguni cewa sunan bai dace da ɗan mai bishara ba, bare yaron ma ba tagwaye ba ne. Ya ce su kawo masa sunan wanda ya fi wannan mutum riƙon alkawari, zai canja. Ba a kawo ba.

A 1994 aka gina ƙaramar majami'ar ƙasa a kusa da gidansa. Yawancin masu zuwa ma'aikata ne da aiki ya kawo garin, malaman lakwal da ma'aikatan likita, sai wasu iyalai kaɗan daga wajen Kornaka. Daga gidan Alhusaini babu ko mutum ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ya fi zama a zuciyar Arzika. Bai ɓoye wa abokinsa imaninsa ba ko sau ɗaya. Ranar kasuwa yakan karanta masa wani abu daga Linjila, Alhusaini ya saurara da idon makiyayi. Da aka zo kan makiyayin da ya bar tumaki casa'in da tara ya tafi neman ɗaya, sai ya ce wannan ko dai bai san dila ba, ko kuma yana da amini da ya bar wa sauran, kuma ya fi zaton na biyun. Arzika ya yi wa'azi da wannan magana shekara da shekaru. Da Kirsimeti Alhusaini ne ke yanka ragon gidan don maƙwabta su samu ci, da Layya kuma cinya guda ta gidan Arzika ce.

Sau ɗaya tak ya tambaye shi kai tsaye, a damanar 1998, ko zai bi Almasihu. Alhusaini ya ce shi ma shekara goma sha tara ke nan yana roƙon Allah bayan kowace salla ya sa Manomi ya yi kalmar shahada. Ya ce, “Kai kana jirana, ni ina jiranka. Mu dai ci gaba da jiran, Allah shina ganinmu duka.” Ba su sake tayar da maganar ba, kuma babu wanda ya daina addu'arsa a cikinsu.

Rasuwar Rifkatu

A farkon 2012 ciwo ya kama Rifkatu, da ta ga jiki ya ƙi sai ta ce a kai ta gida, ita ba za ta kwanta cikin rairayi ba. Ta rasu a Gidan Mamani cikin watan Agusta na shekarar, aka binne ta a inuwar ɗorawa kusa da surukarta, aka bar fili a gefenta. Dangi duka sun ɗauka zaman Dakoro ya ƙare ke nan. Bayan mako biyar ya ɗauki jakarsa, ya ce saniyar mutane tana da ciki.

Daga nan kewa ta kama shi a fili. Idan yana Dakoro hankalinsa na wurin kaburburan nan biyu, idan ya je gida kuma ranar kasuwar Dakoro na zagayowa sai a gan shi ya rasa inda zai sa kansa. Ya taɓa gaya wa ƴarsa Tanoma cewa ya zama mutum mai gida biyu, kowanne ya shiga ɗayan yake so.

Shekarun ƙarshe

A 2016 ya ajiye aiki, ya miƙa majami'ar ga wani matashin fasto ɗan ƙasar. Iliya, wanda ke koyarwa a Malumfashi, ya gina masa ɗaki a Gidan Mamani mai taga tana kallon ɗorawa. Da ya mayar da saniya ta biyar, ya roƙi Alhusaini ya sallame shi haka nan. Alhusaini, wanda a lokacin ya haura saba'in kuma idonsa ya fara rauni, ya fito da wata jar karsana jikanyar jikanyar Goshi, ya rantse cewa wannan ita ce ta ƙarshe, daga ita ba zai ƙara ba. Aka sa mata suna Auta. Ta haihu a 2018, ta sake a 2021, ta haifi na uku a farkon damanar 2023. Sauran yaye kawai. Arzika ya fara raba littattafansa, ya aika wa Iliya cewa a share ɗaki, da Kirsimeti yana gida.

Cikin watan Agusta aka sake rufe iyaka. A watan Oktoba ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka kai shi likita, wato asibiti, a Maradi, ya yi mako biyu, ya ce a mayar da shi Dakoro. Shi kuwa Alhusaini ya sa aka ɗauko shi daga rugarsa a amalanke, ya tare a gidan Arzika, bai sake komawa ruga ba. Mutanen majami'a sun sa ran Malam zai yi wa abokinsa tambayar nan karo na ƙarshe, wasu maƙwabta kuma sun sa ran Alhusaini zai laƙƙana masa shahada. Tanoma, wadda ke jinyarsa, ta shaida cewa babu wanda ya yi ko ɗaya. Hira suka yi ta yi kan rijiyar nan da gajeriyar igiya, da harbin da Goshi ta taɓa yi masa. Kwana biyu kafin cikawarsa ya ce wa Alhusaini ya kwance Auta ya tafi da ita, don ya sauke amana. Alhusaini ya ce, “Ba haka aka yi ba, Manomi. Tashi za ka yi ka kawo min ita da hannunka.”

Wafati da jana'iza

Malam Arzika Ango ya rasu da hantsin ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara saba'in da biyu, arba'in da huɗu daga cikinsu a Dakoro. Saboda rufin iyaka ba a samu halin kai gawarsa Gidan Mamani ba, filin da aka bar masa a gefen Rifkatu yana nan babu kowa. An binne shi washegari a maƙabartar Kiristoci da ke gefen gari. Ƴaƴan Alhusaini maza su ne suka haƙa kabarin tare da samarin majami'a. Shi kansa bai shiga cikin masu addu'a ba. Ya tsaya a bakin shinge riƙe da sandarsa daga farko har aka watse, rana tana dukansa, ya ƙi kujerar da aka kawo masa. Na'omi da Iliya sun biyo hanyar daji a kan babur, suka iso bayan kwana biyu, ɗauke da jar ƙasar Gidan Mamani cikin ƙullin leda, suka zuba a kan rairayin.

Waɗanda ya bari

Ya rasu ya bar ƴaƴa huɗu da jikoki goma sha ɗaya. Na'omi tana aure a Funtuwa. Iliya yana koyarwa a Malumfashi. Tanoma unguwarzoma ce a Kornaka. Alhusaini ƙarami yana zaune a gidan mahaifinsa a Dakoro, kuma shi ne ke kula da garken da ya taru daga habbanaye shida.

Bayan an yaye maraƙin a watan Janairu na 2024, ƴaƴan huɗu suka haɗu suka ja Auta zuwa Birnin Lalle, da kanwa da turmin zane, don su cika wa mahaifinsu alkawari. Tsohon ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo nono, ya shafa goshin saniyar ya daɗe. Da takwaransa ya miƙa masa igiya sai ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce, “Ɗiyana, ba ku na ba ba. Wanda na ba, shi za ya maido min, duk inda Allah ya haɗa mu.” Suka yi magiya, ya ƙi.

Suka dawo da ita kafin la'asar. Har ranar da aka rubuta wannan tarihi Auta tana ɗaure a gindin aduwar gidan Malam Arzika, kuma duk ranar kasuwa akan kawo tsoho Alhusaini a amalanke ya duba lafiyarta.